Rijiya a Tsakiyar Hanya

Direban da ya ɗauko fasinja daga Lambara, ya biyo ta Sifawa da Bodinga, tafiyarsa miƙaƙƙiya ce har Sakkwato. Sai ya shiga birni ake tsayar da shi: ga danja, ga allon da ya hana karya kwana hagu. Ya duba gabas da yamma, babu mota, babu jami'i. Ya karya. Tambayar ita ce: dokar gwamnati kawai ya taka, ko kuwa ya ɗauki alhaki?

Da yawa za su ce abin bai kai ga malamai ba, tunda babu danja a cikin Risala ko Ishmawi.

Amma a fara da hanyar kanta. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, don haka mai karyawa hagu dole ya gitta gaban motocin da ke tahowa. Injiniyoyi sun ƙidaya wurare 32 da motoci za su iya haɗuwa a mahaɗa mai baki huɗu. A shataletale 8 ne kacal, kuma kwanar hagu na da babban kaso a wannan tazara. A karon kwanar hagu gefen mota ake duka, inda ƙofa kaɗai ke tsakanin mutum da ƙarfe. Ɗan kabu-kabu ko ƙofar ba shi da ita. Kamfanin UPS na Amurka ya daɗe yana tsara wa direbobinsa hanya ta yadda ba za su riƙa karya hagu ba, saboda haɗari da asarar mai.

Malikawa suna da ƙa'idar da ta dace da wannan, wato toshe kafar ɓarna. Al-Ƙarafi, malamin Misira, ya kasa ta kashi uku. Akwai kafar da aka haɗu a kan toshe ta, misalinsa kuwa haƙa rijiya a kan hanyar jama'a. Akwai wadda aka haɗu a kan barinta, kamar noman inabi, ko da yake ana iya yin giya da shi. Sauran su ne ake saɓani a kai. Haƙa rijiya halal ne, har lada ake samu. Wurin da aka haƙa ta ne ya mayar da ita laifi. Mai haƙar bai yi nufin kashe kowa ba, kuma mutum ɗari za su iya wucewa lafiya. Na ɗari da ɗaya ne ake wa doka. Kwanar hagu a mahaɗa mai cunkoso rijiya ce irin wannan.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a yankin. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga, kuma dukansu sun yi rubutu kan nauyin da ke kan shugaba na kare talakawa. A 1993 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne a addinance.

Saura maganar da aka fi ji a gidan makoki: ai kwana ne ya ƙare. Gaskiya ce, kuma da ita ake rarrashin zuciya. Sai dai Alƙur'ani, a Suratun Nisa'i, ya ɗora diyya da kaffara a kan wanda ya yi kisa bisa kuskure. Da ajali yana wanke mai sakaci, da ba a ɗora masa azumin wata biyu a jere ba. Sayyidina Umar ma ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, bai ga hakan ya rage masa imani da ƙaddara ba.

Nauyin ba na direba kaɗai ba ne. Hukumar da ta hana kwana ba ta tanadi wurin juyawa kusa ba, ko ta bar danja ta mutu wata da watanni, ita ma ta haƙa tata rijiyar.

Limaman Lambara, Shagari da Bodinga na da mimbari kowace Juma'a, kuma direbobi da 'yan kabu-kabu na cikin sahu. Ya kamata su ɗauko wannan babi, su karanta musu shi.