KADA KU ƁOYE CIWON YARO GA MAKARANTA

Mun saba jin misalin Basamariye mai kirki a Luka 10:25-37, amma sau da yawa muna wuce ƙarshensa da sauri. Da ya kai mai raunin masauki, bai ajiye shi ya sulale ba. Ya yi magana da mai masaukin, ya ba shi dinari 2, ya danƙa masa amanar majiyyacin, ya kuma yi alkawarin dawowa. Duk mahaifin da ya kai ɗansa makarantar sakandare yana tsaye a wannan wuri ne. Ga tambayata: me muke faɗa wa mai masaukin?

A ziyarar da na kai wa 'yan'uwa a Sabo ta Ibadan, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, wata uwa ta ba ni labarin 'yarta mai sikila. Ba ta taɓa gaya wa makaranta ba, don tsoron kada maganar ta bazu, yarinyar ta rasa miji nan gaba. Ranar da aka hore ajinsu da yankan ciyawa cikin rana, ciwon ya tashi, malamin kuwa ya ɗauka lalaci ne. Sai a asibiti gaskiya ta fito. Laifin wa? Malamin bai sani ba, wadda ta sani kuma ta yi shiru.

Wannan ciwo ba abin kunya ba ne, ba kuma aikin maita ba ne. Gado ne daga uwa da uba. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da shi a Najeriya kowace shekara. Mai sikila yana bukatar ruwan sha a kai a kai, da kariya daga sanyi da wahala mai tsanani. Mai asma yana bukatar abin shaƙarsa a aljihu, ba a kulle cikin ofis ba. Farfaɗiya, wadda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira warapa, ba a ɗaukar ta ta yawu. In yaro ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa komai, in kuma jijjigar ta wuce minti 5, a garzaya asibiti. Babban asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe a 1957, ba shi da nisa da Sabo.

Waɗansu suna cewa shan magani rashin bangaskiya ne. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Allah ne ya warkar da Sarki Hezekiya, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (Ishaya 38:21). Bulus kuma bai ji kunyar kiran Luka likita ba (Kolosiyawa 4:14). Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Saboda haka, iyaye, ku rubuta ciwon yaro, da sunan maganinsa, da lokutan sha, da lambar wayarku, ku miƙa wa shugaban makaranta hannu da hannu. Ku daina cika akwatin yaro da ƙwayoyi ya riƙa sha yadda ya ga dama. Zazzaɓi ya zo, a gwada jini tukuna; in cizon sauro ne, a shanye maganin na kwana 3 cif, ko da jiki ya yi sauƙi.

Ku kuma malamai da shugabannin makarantun ekklisiya, ku ne masu masaukin. Tun 2006 ƙasarmu take da manufar kiwon lafiya a makarantu. Ku tanadi ɗakin jinya da wanda ya san aikin. Abin da iyaye suka faɗa muku, ku riƙe shi amana, domin ranar da sirrin yaro ɗaya ya zama abin ba'a a aji, sauran iyaye za su kulle bakinsu. Mai yaron na gaskiya zai dawo ya nemi lissafi.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.