Dashen Gashi da Haƙƙin Dattijon Gobe

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata, wani ɗalibinmu na ajin ƙarshe ya biyo mu ofis bayan an tashi daga darasi. Mun ɗauka maganar kundin bincikensa ce ta kawo shi, sai muka ga ya tura ƙofa, ya zauna, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Shekarunsa 24, amma gashin goshinsa ya ja baya ta gefe biyu, tsakar kan kuma ta fara haske. Ya ce, "Malam, shawara na zo nema. Yayana da ke da shago a kasuwar Jimeta ya yarda zai tallafa mini in je Turkiyya a yi mini dashen gashi kafin in tafi hidimar ƙasa. Kana ganin ya dace?" Ba mu ba shi amsa a ranar ba, domin ba mu da ita. Mun shafe shekaru muna koyar da adabi, muna fashin baƙi a kan rawani da gemu da furfura a cikin waƙa da zube, amma ba a taɓa ajiye mana kan mutum mai rai a gabanmu a ce mu yi hukunci ba. Wannan tambaya ce ta haifar da maƙalar nan.

Bahaushe bai ɗauki sanƙo abin tashin hankali ba. Hasali ma yakan yi wa mai shi ba'a mai daɗi, ya ce alamar arziki ce. Dalili kuwa a fili yake: kan namiji baligi a ƙasar nan a rufe yake. Wanda ya taɓa halartar hawan salla a ƙofar fadar Lamiɗo a Yola ya san zai ƙirga dubban kawuna bai ga gashin ko mutum ɗaya ba, sai hula da rawani. Abin da ke ƙarƙashin hula kuma wanzami ya riga ya sa aska ya share shi tal, don haka mai sanƙo da mai suma ba su da bambanci sai a wajen alwala. Abin da ya sauya shi ne aski da hoto. Saurayin yau yana zuwa shagon aski a Karewa ko Luggere a sa masa reza a fitar da layin goshi kamar an ja da ma'auni, sannan wayar da ke aljihunsa tana nuna masa fuskarsa sau da yawa a yini fiye da yadda kakansa ya ga tasa a shekara. Wanda layin goshinsa ya gudu, ado guda ya kuɓuce masa, kuma abokansa ba za su bari ya manta ba.

Kada mu yi saurin cewa wannan damuwa ta 'yan zamani ce masu raunin zuciya. Marubucin tarihin Rumawa, Suetonius, ya ba da labarin cewa sanƙo ya dami Julius Kaisar ƙwarai, har yakan taje ragowar gashinsa ya kawo gaba. In wanda ya mallaki Rum bai tsira daga wannan ba, ina ga ɗalibin da ke jiran sakamakon jarrabawa da amsar gidan su yarinya a lokaci guda?

Kafin a yi hukunci a kan abu, wajibi ne a san shi. Sanƙon da ke kama maza gado ne, kuma sinadarin mazantaka ne ke tayar da shi. Wani masani ɗan Amurka, James Hamilton, ya nuna a 1942 cewa mazan da aka fiɗiye tun kafin balaga ba sa yin sanƙo. Daga baya aka gane cewa wani sinadari da jiki ke samarwa, wanda likitoci ke kira DHT, shi ke ƙanƙantar da saiwar gashin goshi da tsakar kai sannu a hankali, har gashin ya sirance ya daina fitowa. Gashin ƙeya da na gefen kunne kuwa galibi ba ya jin wannan sinadari, shi ya sa za ka ga tsoho kansa fayau amma ƙeyarsa da saura. A kan wannan bambanci aka gina dashe. Wani likita ɗan Japan, Shoji Okuda, ya bayyana irin wannan aiki a 1939, sannan Norman Orentreich na birnin New York ya wallafa bincikensa a 1959, inda ya nuna cewa saiwar da aka ciro daga ƙeya tana riƙe halinta ko an kai ta goshi. A yau hanya biyu ake bi: ko a yanko siririn yankin fata daga ƙeya a rarraba saiwoyinsa a ɗinke wurin, ko a riƙa cire saiwoyin ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin ƙarfe, hanyar da ta yaɗu bayan 2002. Gashin da aka dasa yakan zube cikin 'yan makonni, ya fara tsirowa bayan wata 3 ko 4, ba a kuma ganin cikakken sakamako sai an doshi shekara.

Abin lura a nan shi ne, likita ba ya ƙirƙirar gashi ko ƙwaya ɗaya. Ƙaura kawai yake yi masa. Manoman rani na Geriyo sun san dashe sarai: a ciro shinkafa daga bedi a kai gona. Sai dai manomi in bedinsa ya ƙare yakan watsa wani iri. Ƙeyar mutum bedi ce da ba a sake shukawa. Saiwar da aka cire ta tafi ke nan, wurin tabo ne har abada.

Ta fuskar addini, maganar ba ta da tsawo kamar yadda ɗalibinmu ya zata. Malamai sun rarrabe tsakanin ƙarin gashi na wani, wanda aka hana, da mayar wa mutum nasa gashin inda ya zube. Shaihu Ibn Usaimin yana cikin waɗanda suka halatta dashe, yana mai kafa hujja da hadisin nan da Buhari da Muslim suka ruwaito na mutum uku daga Banu Isra'ila, mai ciwon fata da mai sanƙo da makaho, waɗanda aka aiko wa mala'ika don jarrabawa. Mai sanƙon ya roƙi gashi mai kyau, aka ba shi, aka ƙara masa da saniya mai ciki (mutanen Adamawa ba sa buƙatar a faɗa musu girman wannan kyauta). Da roƙon nasa laifi ne, da ba a amsa ba. Ya faɗi jarrabawar ne daga baya, lokacin da ya musanta cewa ya taɓa zama a halin da yake a da.

To, halacci ya tabbata. Amma ba duk abin da ya halatta ga mutum ba ne ya dace da shi a kowane lokaci, kuma a nan ne muke ganin ainihin tambayar take.

Sanƙo tafiya ce, ba ya tsayawa don an yi masa dashe. Ma'aunin da Hamilton ya fara, wanda O'Tar Norwood ya gyara a 1975, ya kasa shi mataki 7. Saurayi mai shekara 24 da ke mataki na 3 babu mai iya rantse masa inda zai tsaya. Sau da yawa ma wanda abin ya kama da wuri shi ne mai nisan zango. Masu iya magana sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsu. Karin maganar tana da kaushi, amma abin da take nufi gaskiya ne: abin gado ba a sanin ƙarshensa tun da ƙuruciya. A ce an cika wa saurayin nan goshi yau, an saukar masa da layi ƙasa irin wanda yake so. Bayan shekara 15 gashin asali da ke bayan dashen ya ci gaba da zubewa, sai a wayi gari da tsibirin gashi a goshi, fili a bayansa, siffar da Allah bai halicci kowa da ita ba. Gyaranta sai da wani dashen, ƙeyar kuwa an riga an ci rabinta. Masu kallon ƙwallo a Jimeta za su tuna Wayne Rooney, wanda ya shelanta da kansa a 2011 cewa an yi masa dashe yana da shekara 25. A 2013 sai da ya koma aka ƙara. Shi yana da abin komawa.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da mu baƙar fata, wanda tallan da ke yawo a waya ba ya faɗa. Gashinmu a murɗe yake tun daga cikin fata, don haka ƙarfen cirewa ya fi saurin datse saiwa in mai aikin bai saba da irinsa ba. Fatarmu kuma ta fi saurin yin tabo mai tudu, irin wanda kan taso bayan huda kunne ko ƙurajen aski a ƙeya. Saurayin da dashensa ya ɓaci ya yi asarar abu biyu: bai sami gashi ba, kuma ya rasa mafakar da kakanninsa suka dogara da ita, wato ya aske kai tal ya huta, domin aska za ta tona tabon.

Wannan ne ya sa muke ganin cewa mutum biyu ne ke da haƙƙi a kan kan ɗalibinmu. Akwai saurayin da ya zauna a ofishinmu, akwai kuma magidanci mai shekara 45 wanda zai gaji wannan kai, ya shiga taro da shi, ya aurar da 'ya'ya da shi. Na biyun ba ya nan balle a tambaye shi. Ba shi da wakili sai saurayin, saurayin kuwa shi ne mai buƙata, shi ne alƙali. A al'adarmu wanda aka ba riƙon dukiyar maraya ba a hana shi taɓa ta, amma ana tambayarsa: don amfanin wa ka kashe? Muna ganin ƙeyar saurayi irin wannan dukiya ce. Mun saba yi wa matasa wa'azin haƙƙin iyaye da na maƙwabta, amma da wuya mu ambaci haƙƙin da mutum ke da shi a kan ƙuruciyarsa, alhali duk wanda ya haura arba'in a cikinmu yana biyan wani bashi da wani yaro mai sunansa ya ci ba da shawararsa ba.

Sai dai adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, don yana da ƙarfi. Saurayin zai iya cewa: "Malam, ku da kuka riga kuka yi aure kuka sami aiki, sauƙi ne ku ce in jira. Ni yanzu nake neman mata, yanzu ake kallon hotona. In na kai arba'in me zan yi da gashi?" Wannan magana ba ta wasa ba ce. Ƙuruciya ma sau ɗaya take zuwa, kuma dattijon da muke karewa ba shi da tabbacin zuwa. Mun ga samarin da sanƙo ya sa suka janye daga mutane, suna fama da hula a zafin Yola na watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi kan haura 40, ba don ado ba sai don ɓuya. Cewa irin wannan yaro "ka yi haƙuri kawai" rowar tausayi ce. Fulanin da muke zaune a cikinsu suna lissafa munyal, wato haƙuri, cikin ginshiƙan pulaaku, amma tare da shi suke lissafa hakkiilo, wato hankali da tsinkaye. Haƙurin da ba a haɗa shi da dabara ba, zaman jiran tsammani ne.

Dabarar kuwa akwai ta, kuma ta fi tikitin Istanbul araha. Da farko likitan fata ya duba ya tabbatar sanƙon gado ne, domin makero da wasu cututtukan fata ma suna zubar da gashi, kuma maganinsu daban. In ya tabbata, akwai magunguna biyu da aka daɗe da sani: minoxidil na shafawa, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988, da finasteride na sha, a 1997. Suna rage gudun zubewar ga mutane da yawa, muddin ana amfani da su. In an daina, abin ya dawo. Na biyun yakan taɓa sha'awar namiji ga wasu 'yan kaɗan, don haka ba abin saya a kemis ba ne a kan shawarar aboki. Likitocin dashe masu tsoron Allah su kansu sukan nemi matashi ya fara da wannan, a ga shekara ɗaya ko biyu yadda kan zai zauna, in kuma za a yi aikin a ja layin goshi irin wanda zai dace da fuskar dattijo. Wanda ya karɓi hotonka ta waya ya yanka maka farashi da rana a take, ba tare da ya tambayi yadda kan mahaifinka da na kawunnanka yake ba, ciniki yake yi.

Ba mu manta da kuɗin ba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake saya ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024, kuma aikin da za a yi a waje da kuɗin waje ake biyansa, ban da jirgi daga Yola zuwa Abuja, daga can zuwa Istanbul. Yayan da ya ce zai biya, daga jarin shagonsa zai cira. Shi ma yana da haƙƙin a gaya masa cewa mai yiwuwa wannan biyan farko ne.

Bayan mako biyu ɗalibin ya dawo. Muka faɗa masa abin da muka faɗa a nan, ba mu ce ya je ba, ba mu ce kada ya je ba. Muka dai roƙe shi abu biyu: ya ga likitan fata kafin ya ga mai sayar da tikiti, sannan in ya je gida hutu ya dubi kan mahaifinsa da kyau lokacin alwala, domin mai yiwuwa shi ne mutumin da yake yanke wa hukunci. Ya yi shiru, sannan ya yi dariya ya ce mahaifinsa ko gashi ɗaya babu a tsakar kansa, kuma bai taɓa jin ya ambaci abin ba. Muka ce ya tambaye shi ko yana da shekara 24 ma haka yake. Ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama, ya ce zai tambaya.