Yaron da Ya Ce Ya Taɓa Zuwa Duniya

Wata rana bayan an tashi daga sujada, wata uwa ta jira har majami'a ta watse, sannan ta matso kusa da ni. Ta ce ɗanta mai shekara uku yana kiran kansa da sunan kakansa, wanda ya rasu tun ba a haife shi ba, har yana nuna wata gona yana cewa tasa ce. Dangi sun soma ce masa Baba, ba mai iya tsawata masa. Ta tambaye ni da hawaye: "Fasto, ɗana na haifa ko surukina?"

Ba a ƙasarmu kaɗai ake jin irin wannan ba. Ian Stevenson, likitan ƙwaƙwalwa a wata jami'a ta jihar Bajiniya a Amurka, ya shafe kusan shekara 40 yana tattara labaran irin waɗannan yara, fiye da 2,000, daga Indiya, Siri Lanka, Labanan da sauran wurare. Ya lura yawancinsu suna fara maganar tsakanin shekara 2 zuwa 4, kafin su kai 8 kuma sun daina. Amma shi kansa bai ce ya tabbatar da cewa matattu suna dawowa ba. Yawancin labaran sun fito ne daga al'ummomin da dama sun gaskata haka, kuma sau da yawa iyalan biyu sun riga sun sadu kafin ya iso.

A nan gida, Yarbawa suna raɗa wa yaro Babatunde, wato baba ya dawo. Jaririn da ake zaton yana zuwa yana komawa kuwa, su suna ce masa abiku, Ibo ogbanje, a ƙasar Hausa kuma ɗan wabi. Likitoci sun nuna cewa ciwon sikila, wanda ake gado daga uwa da uba, yana cikin dalilan mutuwar yara bi da bi a ɗaki ɗaya.

To, me Littafi Mai Tsarki ya koya mana? Ibraniyawa 9:27 ta tabbatar cewa mutuwar mutum ba ta maimaituwa, shari'a ce take biye da ita. Da aka tambayi Yahaya Maibaftisma ko shi ne Iliya, ya musa. Da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho suka nemi sanin mai laifin, Yesu ya wanke shi, ya wanke iyayensa. Kowane yaro sabuwar halitta ce daga hannun Allah.

Ba kowane abu da yaro ya faɗa nake iya bayyana maka ba. Amma na san yaro kunne ne: yana goye ana hirar marigayi, yana tsinta, kuma abin da ya ga ya sa manya zaro ido shi zai maimaita. Na kuma san ɓarnar da take biyo baya. Wanda aka ce kaka ne, ya tashi ba kwaɓa. Wanda aka ce ɗan wabi ne, a yi masa tsaga, a rage masa ƙauna, a makara kai shi asibiti. Wani ma a ce aljani ne, a azabtar da shi da sunan addu'a. Dukansu an ɗora musu kayan mamaci, alhali wuyansu bai yi ƙwari ba.

Saboda haka, idan ɗanka ya yi irin wannan magana, ka saurare shi da natsuwa. Kada ka doke shi, kada kuma ka tara masa jama'a. Ka kira shi da sunansa. In yana yawan ciwo, a gwada jininsa. Kewar wanda ya rasu ba zunubi ba ce, amma begenmu na sake ganinsa yana ga tashin matattu cikin Almasihu.

Abin da na faɗa wa uwar nan ke nan: ɗanki kika haifa, ki rene shi.

Ya Ubangiji, ka ba mu hikimar karɓar 'ya'yanmu yadda ka ba mu su, ka kuma ta'azantar da masu makoki. Amin.