Ka Riƙi Zabura Tun Kafin Ranar Wuya

Ɗana, kai da kake zaune a Gyadi-Gyadi ko Tarauni, na san masu bi ba su da yawa a unguwarku, wataƙila ma sai ranar Lahadi kake hawa adaidaita sahu zuwa Sabon Gari don yin sujada. To, sauran kwana shidan fa, da me kake ciyar da bangaskiyarka? Ni dai shawarata ita ce ka riƙi Zabura.

Ga asibitin Malam Aminu Kano nan kusa da kai a kan titin Zariya. Duk wanda ya taɓa kwana jinya ya san akwai lokacin da dare zai tsala, mutum ya so yin addu'a amma bakinsa ya yi nauyi, don gajiya da fargaba sun cinye masa kalmomi. A irin wannan dare, wanda ya saba da Zabura yana da abin faɗi, gama waɗanda suka riga shi shiga wuya sun bar masa addu'o'insu. Dauda ya yi Zabura ta 3 yana gudun ɗansa Absalom, ya yi ta 51 bayan annabi Natan ya faɗa masa laifinsa ido da ido. Ta 88 kuwa kuka ce daga farko har ƙarshe, kuma ba a cire ta daga Littafi Mai Tsarki ba. Ubangijinmu Yesu kansa, yana kan gicciye, da farkon ta 22 ya yi kira.

Abin da nake so ka lura da shi, ɗana, shi ne yadda addu'o'in nan suke gyara hali sannu a hankali. Mutumin da ya saba kai fushinsa da tsoronsa gaban Allah ba tare da kwana-kwana ba, da wuya ya sauke su a kan matarsa ko maƙwabcinsa, kuma wanda bakinsa ya saba da tuba irin ta Dauda ba ya jin nauyin ce wa ɗan'uwansa, na yi laifi. Na san kana da niyya mai kyau, sai dai niyya tana bukatar tanadi, kamar hatsin da ake zubawa a rumbu da kaka saboda bazara.

Ba ka da uzurin harshe. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Mila na Zariya ya ba da shekarunsa a kai. Maƙwabcinka Musulmi ma ya san sunan Zabura, yana kuma girmama Annabi Dauda.

Zabura 150 ce, biyar a rana za su kai ka ƙarshe cikin wata guda. In biyar sun yi maka yawa, ɗauki ɗaya, ka karanta a bayyane yaranka suna ji, ka maimaita har ta zauna a ka. Ka fara gobe da asuba, ɗana, tun kana da lafiya da kwanciyar hankali.