Ɓauna da Saniya a Takarda Guda

Gandun dajin W, wanda ya ari sunansa daga lanƙwasar da kogin Isa yake yi a kudancin Yamai, ya zama gandun ƙasa a shekarar 1954. Ɓangarensa na Nijar ya kai hekta 220,000, sauran kuma yana cikin Benin da Burkina Faso. A 1996 hukumar UNESCO ta sanya na Nijar cikin kayan gadon duniya. A shekarun da shirin ECOPAS na Tarayyar Turai ya yi aiki a can, daga 2001 zuwa 2008, ɗalibai da dama na Jami'ar Abdu Mumuni sun shiga ta Tapowa domin tattara abin da za su rubuta kundin ƙarshen karatunsu. Aikinsu ƙidaya ne, ita kuwa ƙidaya shaida ce, kuma duk shaida tana da wanda za ta faɗa a kansa.

Ga yadda ake yin ta. Da rani, sa'ad da ciyawa ta ƙone, ido yana kaiwa nesa, sai a shata miƙaƙƙen layi a taswira. Ɗalibi da ma'aikacin gandun daji su bi shi a ƙasa tun da asuba, ba surutu, ba ratsewa. Duk dabbar da aka hanga, a rubuta irinta, da yawanta, da tazararta daga layin, domin da wannan tazara ce ake lissafa abin da ido bai gani ba. Inda dabba ta ɓuya, sawunta da kashinta su tsaya mata.

Jarrabawar farko tana zuwa ne ranar da ba a ga kome ba. Saurayi ya taka kilomita goma cikin rana, bai gamu da giwa ko gwanki ko kanki ba, takardarsa fara fat. Babu mai ganinsa in ya ƙara mariya biyu don kundinsa ya yi ƙiba. Amma sifirin nan shi ne labari mafi tsada da zai kawo gida, domin raguwar dabbobi ba ta da wata murya sai shi. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, mafi yawansu a dazukan W da Arli da Panjari. Wannan adadi ya samu ne saboda wasu mutane sun yarda su rubuta "babu" a dazuka da yawa inda kowa yake cewa akwai.

Wannan dai mai sauƙi ce, tun da ƙarya da gaskiya ne suke fuskantar juna. Mai wuyar ita ce ranar da abin da ya tare layin ba ɓauna ba ne, garken shanu ne, da yaro makiyayi riƙe da sanda. Doka ta hana kiwo cikin gandun. In ɗalibi ya rubuta, takardarsa za ta iya zama sanadin tara mai nauyi ko kame dabbobi. In ya kawar da kai, ya ha'inci aikin da aka ba shi, ya kuma ɓoye ɗaya daga cikin dalilan da suke korar namun daji daga bakin ruwa. Tausayi yana ja nan, amana tana ja can.

Wasu za su ce mai ilimi ba alƙali ba ne: ya rubuta abin da ya gani, abin da ya biyo baya ruwan hukuma ne. Maganar tana da ƙarfi, sai dai ta yi wa ɗalibi araha da yawa. Wanda ya san inda kibiyarsa za ta sauka ba ya cewa shi baka kawai ya ja. Wasu kuma za su ce ya rufa wa talaka asiri. Su ma sun manta cewa dajin da aka cinye a ɓoye, makiyayin ne zai fara rasa shi.

Abin da ya fi kusa da adalci shi ne ya rubuta shanun, amma kada ya tsaya nan, domin saniya ba daga sama ta faɗo cikin gandun ba. Kafin Turawan mulkin mallaka su shata iyaka akwai garuruwa a wurin, aka tashe su; kukokin da suke tsaye rukuni-rukuni a wasu kufai har yau suna nuna inda mutane suka zauna. Bayan farin shekarun 1970, a 1976, an yanke wani babban yanki na dajin Tamu da ke maƙwabtaka da W aka buɗe shi ga manoma, gonaki suka ci makiyaya da burtali. Kundin da ya ƙirga shanu bai ƙirga burtalin da aka nome ba ya faɗi rabin magana, kuma rabin da ya faɗa shi ne wanda ya fi nauyi a kan marar ƙarfi. Abin takaici, takardar ƙidaya tana da gurbin "irin dabba" da na "adadi", ba ta da gurbin "dalili". Sai malamin da ke duba kundin ya nemi a buɗe shi.

Yau lamarin ya ƙara tsanani. Tun wajen 2020 ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai sun samu mafaka a dazukan nan, fitar ɗalibai a ƙasa ta yi wuya ƙwarai, kuma zargi ya yawaita a kan makiyaya, mai laifi da marar laifi. Ɗigon da na'urar nuna wuri ta ajiye a gefen wani garke, wanda a 2005 ƙarshensa tara ce, yanzu wani zai iya karanta shi da ido na yaƙi. Saboda haka ɗalibin da zai koma bakin Mekuru in hanya ta buɗe yana buƙatar a koya masa, tun a aji, bambanci tsakanin adadin shanu, wanda ilimi yake nema, da sunan mai su da wurin da rugarsa take, waɗanda ba a aike shi ya kawo ba.