Wa Muke Yi wa Dariya?

Idan labari ya iso majalisa cewa an damfari wani ta waya, tambayar da muke fara yi ita ce: "Shi ma yaya aka yi ya yarda?" Sai a kwashe da dariya, wani ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala, a wuce wurin. Ɗan damfarar kuwa har yabo yake samu: "Yaron nan akwai kai." Cikin minti biyar mun yanke hukunci, kuma wanda aka cuta muka yanke wa.

Doka ba haka take kallon lamarin ba. Lambar nan 419 da ta zama sunan 'yan damfara, sashe ne na kundin laifuffukan da ake aiki da shi a kudancin Nijeriya, wanda ya haramta karɓe dukiyar mutum da ƙarya. Kundin Arewa da ya fara aiki a 1960 shi ma yana da sashensa na zamba. Da sana'ar ta ƙaura daga wasiƙa zuwa waya da intanet, dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba zaɓin tara, sannan aka yi dokar laifuffukan intanet a 2015. Abin da kotu ke so a tabbatar mata shi ne an yi ƙarya da niyyar cuta, kuma ƙaryar ce ta raba mutum da abinsa. Wautar wanda aka cuta ba ta wanke wanda ya cuce shi.

To, mu da ita wa ke da gaskiya? Maganarmu ba ta rasa tushe ba. Wanda aka ce ya turo kuɗi a raba wata dukiyar sata da shi, ya kuma tura, yana da nasa zunubin. Amma zunubinsa bai halatta wa wani aljihunsa ba. Mai gida ya bar ƙofa a buɗe ya yi sakaci, wanda ya shiga ya ɗauki akuya kuwa sunansa ɓarawo.

Sannan ba kowa kwaɗayi ke kai shi ba. Dattijuwar da aka kira aka ce za a rufe asusunta idan ba ta karanto lambar da aka turo mata ba, tsoro ne ya kama ta. Wanda aka kira da tsakar dare da muryar "sarkin aljanu", da imaninsa aka yi wasa. Ɗan kasuwar da ya sallami kaya a kan alat na bogi, yarda ya yi da ɗan'uwansa. Idan muka kira waɗannan wawaye, yarda muka mai da wauta, alhali da ita muke cin bashi a shagon unguwa, da ita muke zubin adashe.

Mun san labarin Manzon Allah (SAW) da ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa. Mai sayarwa ya yi wa faɗa, bai ɗora wa masu saye laifin rashin tonawa ba. A waya kuwa babu ma inda za a cusa hannu, murya ce kawai da rubutu.

Dariyarmu tana da farashi. Wanda aka damfara yakan haɗiye abin don kunya, ba zai je wurin 'yan sanda ko EFCC ba, ba zai ma gargaɗi maƙwabcinsa ba, sai lambar ta kira na gaba. Yabonmu kuma yana raino. Kafin a kama Ramon Abbas, wato Hushpuppi, a Dubai a 2020, sama da mutum miliyan biyu ke kallon motocinsa a Instagram. A 2022 wata kotu a Amurka ta ɗaure shi wata 135. Yaran da suka yi ta kallon motocin nan sun ji abin da manya ke cewa a kansu.

Ranar da wani ya zauna cikinmu, ya sunkuyar da kai ya ce an cuce shi, mu ajiye karin maganar tukuna. Mu tambaye shi lambar da ta kira shi, mu raka shi banki tun da sauran lokaci.