Jirgi a cikin jirgi: me mutum ke saye in ya sayi ƙofa?

Mu mutanen tudu ne, teku ta yi mana nisa, kuma galibinmu ba za mu taɓa sa ƙafa cikin manyan jiragen ruwan da masu hali ke shiga don yawon shaƙatawa ba. Duk da haka, akwai abin da ke gudana a cikinsu wanda ya cancanci nazari, domin jirgin ruwa ƙaramin gari ne da ruwa ya kewaye, kuma abin da zaman gari ke ɓoyewa yakan fito fili a can. Jirgin Icon of the Seas, wanda kamfanin Royal Caribbean ya fara jigila da shi a 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000. Dukansu igiyar ruwa ɗaya ke kaɗa su, tasha ɗaya kuma suka nufa. Sai dai ba kowace ƙofa ke buɗe wa kowa ba.

A 2008 kamfanin MSC ya keɓe wani sashe a saman jirginsa Fantasia, ya sa masa suna Yacht Club. Kamfanin Norwegian shi ma yana da irinsa, wanda ake kira The Haven tun 2011. A harkar ana ce wa wannan tsari jirgi a cikin jirgi. Wanda ya kama ɗaki a can yana da wurin cin abinci nasa, da wurin ninƙaya nasa, da falo mai natsuwa, da hadimi na musamman. Shi ake fara shigarwa ranar tashi, shi ake fara saukewa in an isa tasha. Katin ɗakinsa yana buɗe ƙofar sashen, na sauran fasinja ba ya buɗewa. Shi yana iya saukowa cikin jama'a duk lokacin da ya ga dama, jama'a kuwa ba su da hanyar hawa wurinsa.

Akwai kuma hanya ta biyu ta samun falo, wato yawan dawowa. A tsarin Crown & Anchor na Royal Caribbean, kowane dare a cikin jirgi maki ɗaya ne. Wanda ya tara maki 80 ya kai matakin Diamond, an buɗe masa falon da aka ware wa tsofaffin abokan ciniki, ana kuma ba shi abin sha kyauta kowace rana. Matakin ƙoli, Pinnacle, yana bukatar maki 700, daidai da tafiya 100 ta mako guda ke nan. Amma wanda ya kwana a ɗakin alfarma, kowane darensa biyu ake ƙirga masa. Abin da mai ƙaramin ɗaki zai samu bayan tafiya 12 ta mako guda, shi yana samunsa bayan 6.

Adalci ya sa mu fara da hujjar masu kare tsarin, domin ba ta da rauni. Sukan ce ba a tilasta wa kowa ba, ciniki ne na yarda. Wanda ya biya da yawa ya sami da yawa, kamar yadda mai sayen shadda mai tsada bai zalunci mai sayen yadi ba. Sukan ƙara da cewa kuɗin da ƴan sama ke zubawa yana taimaka wa kamfani ya sassauta farashin ƙananan ɗakuna, ta yadda ma'aikacin da ya yi shekara yana tari zai iya kai iyalinsa teku. Wanda ya yi gaggawar la'antar falon manya, ya binciki zuciyarsa tukuna, kada hassada ce ta sanya rigar adalci.

Na yarda da rabin wannan hujja. Faɗin ɗaki, da laushin gado, da daɗin girki, kaya ne kamar kowane kaya, kuma samun wani bai rage wa wani komi ba. Amma fifiko wani iri ne daban. In an shigar da mutum gaban layi, kowane ɗaya daga cikin waɗanda ke baya an ƙara masa jira, kuma ba a nemi yardarsa ba. In an keɓe mafi kyaun gefen bene ga mutum ɗari, sauran dubbai sun ƙara matsuwa a abin da ya rage. Falon kansa ma, me ke ba shi daraja? Kujerunsa ba su fi na sauran wurare nisa ba. Darajarsa tana cikin rashin jama'a. Shi ya sa, da masu manyan maki suka yi yawa har falo ya fara cika, sai kamfani ya shiga taƙaita shiga a wasu tafiye-tafiye. Ashe abin da ake sayarwa shi ne rashin ganin sauran mutane. Kamfani yana cinikin lokacinsu da sararinsu, yana ma cinikin nisantarsu, su kuwa ba su karɓi ko dala ba.

Abu na biyu da ke damuna, a matsayina na mai koyar da harshe, shi ne sunan da aka raɗa wa tsarin maki. Da Faransanci ana ce masa fidélité, kalmar da muke fassarawa da aminci ko riƙon alkawari. A wurinmu amini shi ne wanda ke tsayawa tare da kai ranar da ba ka da abin ba shi. Amincin da ake ƙirgawa da dare, wanda kuma yake ninkuwa in an ƙara kuɗi, ciniki ne kurum, kuma babu kunya a kira ciniki da sunansa. Illar tana ga aron kalmar kirki a lulluɓe lissafi da ita. Mutum yakan fara shirya hutunsa don cike maki, ya koma inda ba ya marmari don kada matakin gaba ya kuɓuce masa, ya riƙa duban katin maƙwabcinsa don ya san matsayinsa. Kamfani ya ɗaure shi, shi kuwa yana jin an karrama shi.

Tarihin teku ya riga ya nuna inda rarraba mutane ke iya kaiwa. Daren da Titanic ya nutse, cikin watan Afrilu na 1912, akwai mutum sama da 2,200 a ciki, kwale-kwalen ceto kuwa 20 ne kacal, waɗanda ba su isa kowa ba. Kimanin mutum 1,500 suka halaka. Daga fasinjan aji na ɗaya kusan kashi 60 cikin 100 suka tsira, daga na aji na uku kuwa kusan kashi 25. Ɗakunan talakawa suna can ƙasa, nesa da benen da kwale-kwalen suke, ga kuma shingaye a tsakani. Tsarin da aka gina don jin daɗin wasu a ranar lafiya, shi ya yanke hukunci a daren masifa. Wannan hatsari ne ya haifar da yarjejeniyar kare rayuka a teku ta 1914, wadda aka yi ta sabuntawa. A yau doka ta wajabta wa kowane fasinja, mai ɗakin alfarma da mai ɗakin da ba taga, ya san wurin taruwarsa in hatsari ya auku, kuma wurin zama a jirgin ceto ba ya cikin abin da maki ke sayowa.

Wannan doka ta tabbatar da cewa duniya ta amince akwai iyaka, akwai abin da bai halatta kuɗi ya saya ba. Gardamar da ta rage ita ce inda za a ja layin. A ganina, mai hali ya sayi jin daɗinsa, Allah ya sa albarka. Amma duk lokacin da aka miƙa masa wata alfarma, ya kamata ya tambayi kansa daga hannun wa aka karɓo ta. In daga aljihun kamfani ta fito, to, kyauta ce ko ciniki. In kuwa daga jiran wani tsoho a bayan layi ta fito, ko daga matsuwar wata uwa da ƴaƴanta a bene, to, bashi ne ya ɗauka wanda ba a rubuta a takardar biyansa ba. Hausawa na cewa baƙonka annabinka, ba su kuma ce sai an duba launin katinsa ba. Mai karatu, ko da ba ka taɓa ganin teku ba, ka san irin wannan ƙofa, domin akwai ta a filin jirgin sama, da banki, da asibiti. Ranar da aka buɗe maka ita, ka waiga ka ga waɗanda aka rufe wa.